Jami'ar da ta sauka daga babban aji da ƙafarta: nazarin lamari, 1996 zuwa 2024

Wurin da tsarin gasar

A arewa maso yammacin Amurka akwai wani ɗan gari mai mutane kimanin 25,000, tuddan alkama sun kewaye shi ko'ina. Nan jami'ar da wannan nazari ya shafa take. Ta gwamnatin jiha ce, an kafa ta a 1889, ɗalibanta kimanin 12,000 ne. Kilomita 13 kacal ke tsakaninta da Jami'ar Washington State da ke tsallaken iyakar jiha. Ba za mu kama sunanta ba, "jami'ar" kawai za mu riƙa cewa.

Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita kamar zari-ruga. A can jami'o'i ne ke da kulob-kulob, ɗalibai ke bugawa, amma kuɗin da ke yawo a ciki na manyan 'yan kasuwa ne. Hukumar NCAA ce ke kula da wasannin. A 1978 ta raba matakin farko gida biyu, I-A da I-AA, waɗanda aka sake wa suna FBS da FCS a 2006. Bari mu kira su babban aji da ƙaramin aji. A shekarun da muke bi, kulob ɗin babban aji kan ba 'yan wasa 85 gurbin karatu kyauta, na ƙaramin aji kuma bai wuce 63 ba. Dole jami'ar babban aji ta ɗauki nauyin wasanni iri 16, ta ƙaramin aji 14. Idan kaka ta ƙare, na sama sukan je wasannin tukuici da suke kira bol, na ƙasa kuma su yi sili-ɗaya-ƙwale har a fitar da zakara.

Wanda ya saba da Firimiya sai ya ajiye abu ɗaya a gefe: nan ba a faɗawa rukunin 'yan dagaji don an sha kashi, ba a kuma hawa don an ci kofi. Jami'o'i kan haɗu su kafa gamayya, su goma ko sha biyu, su tsara wa junansu wasanni, su sayar wa tashoshin talabijin haƙƙin nunawa, su raba kuɗin. Shiga gamayya sai da gayyata. Ko kakarka ta ƙare babu nasara ko ɗaya, kana nan daram matuƙar gamayyarka na son ka. Ranar da ta ce ta gaji da kai kuwa, ko kai ne zakara sai ka nemi masauki.

Kafin 1996: lokacin da take cin kasuwarta

Jami'ar ba baƙuwar manya ba ce. Daga 1922 zuwa 1959 tana gamayya ɗaya da manyan jami'o'in gaɓar yamma. Da waccan gamayya ta watse aka kafa sabuwa ba da ita ba. A 1963 tana cikin waɗanda suka kafa Big Sky, gamayyar jami'o'in jihohin tsaunuka, kuma da aka yi rabon 1978 sai ta sami kanta a ƙaramin aji.

Ajin ya karɓe ta. Ta ɗauki kofin Big Sky a 1985, 1987, 1988, 1989 da 1992. Sau biyu tana kaiwa wasan dab da na ƙarshe na ƙasa, a 1988 da 1993. Masu jefa mata ƙwallo biyu sun zama gwarzayen ajin baki ɗaya, ɗaya a 1989, ɗaya a 1993. Abin da tsofaffin ɗalibanta suka fi tinƙaho da shi kuwa, daga 1982 zuwa 1993 ta doke Boise State, kishiyarta ta kudancin jihar, sau 12 a jere.

1996 zuwa 2004: an hau, amma ba wurin zama

A 1996 Boise State ta haura babban aji, ta shiga gamayyar Big West. Jami'ar ta bi ta a shekarar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ba za ta zauna a ƙasa tana kallon ƙanwa ta wuce ta ba.

Da farko kamar abin zai yi kyau. A 1998 ta ci wasa 9 ta faɗi 3, ta ɗauki kofin Big West, ta je wasan bol a birnin Boise ta doke Southern Miss da ci 42 da 35.

Sai dai tun ranar farko akwai matsalar fili. Filinta rufaffe ne, an yi masa rufi a 1975, in ka hango shi daga nesa kamar an tsaga ganga biyu an kife rabi. Yana maganin ƙanƙara da iskar hunturu, ihun 'yan kallo kuma ba ya da hanyar fita, sai ya dawo kan baƙi. Amma mutum 16,000 yake ɗauka, ƙa'idar babban aji ta lokacin kuma tana maganar fili mai kujeru 30,000 da matsakaicin 'yan kallo 17,000. Dabarar da aka yi ita ce aron fili. A kakar 1999 da ta 2000 jami'ar ta riƙa karɓar baƙinta a filin Washington State, wato "wasan gida" a wata jiha, a gidan maƙwabci. Daga baya an sassauta ƙa'idar zuwa 15,000, ta koma ɗakinta, amma ya ci gaba da zama cikin mafiya ƙanƙanta a ajin.

Matsala ta biyu ta fi girma. Bayan kakar 2000 Big West ta daina ƙwallon Amurka gaba ɗaya. Boise State ta sami gayyata daga gamayyar WAC, ta tafi a 2001. Jami'ar ba ta samu ba. Sai ta raɓa da Sun Belt, gamayyar da cibiyarta ke can kudancin ƙasar, a ƙwallo kaɗai, sauran wasanninta suna Big West. Kaka huɗu ta yi a haka, 2001 zuwa 2004, babu wadda ta ci fiye da wasa 3.

2005 zuwa 2012: WAC, da yadda aka kwashe ta

A 2005 gayyatar WAC ta zo, tare da New Mexico State da Utah State. Wannan ne zama mafi dacewa da ta taɓa samu a babban aji: ga Boise State, ga Nevada, ga Fresno State, duk 'yan yamma. Sakamako dai bai gyaru nan take ba. A 2007 nasara ɗaya ta samu, a 2008 biyu. A tsakanin nan ne Boise State ta doke Oklahoma 43 da 42 ranar 1 ga Janairun 2007, duk Amurka ta san sunanta.

Ranar 30 ga Disambar 2009 ita ma jami'ar ta sami nata 43 da 42. Wasan bol ne da Bowling Green, a Boise. Saura daƙiƙa 32 a tashi, Bowling Green ta wuce gaba 42 da 35. Jami'ar ta keto filin, saura daƙiƙa 4 ta kai ƙwallo gida, aka koma 42 da 41. A wannan wasa, bayan ka kai ƙwallo kana da zaɓi: ka buga ta tsakanin sanduna ka sami maki ɗaya, wanda kusan tabbas ne, ko ka sake kutsawa ka nemi biyu. Ɗaya zai kai su ƙarin lokaci. Kocin ya ce biyu. Aka jefa, aka cafe. Kakar ta ƙare da nasara 8, faɗuwa 5.

Wata shida bayan haka aka fara girgiza a sama, inda jami'ar ba ta da ko kujerar 'yan kallo. A 2010 Jami'ar Nebraska ta sanar za ta koma gamayyar Big Ten, Colorado da Utah kuma za su shiga gamayyar da ta zama Pac-12. Duk lissafin kuɗin talabijin ne. To Utah daga gamayyar Mountain West ta fito, jami'ar BYU ma ta fice daga can ta tsaya da ƙafarta, jami'ar TCU ta bi bayansu. Mountain West ta waiga ta ga WAC a ƙasanta, ta fara tsinta. Boise State a 2011. Fresno State, Nevada da Hawaii a 2012. San Jose State da Utah State a 2013. WAC ta yi ƙoƙarin toshe ɓaraka da jami'o'i biyu daga Texas, UTSA da Texas State, suka yi kaka ɗaya suka ƙara gaba. Louisiana Tech ma ta tafi. Aka wayi gari masu ƙwallo biyu suka rage, jami'ar da New Mexico State. Bayan kakar 2012 WAC ta rufe shagon ƙwallo.

Jami'ar ta ƙwanƙwasa ƙofar Mountain West, ba a buɗe ba. Abin da gamayya ke dubawa shi ne gidaje nawa za ka kawo mata gaban akwatin talabijin, da girman filinka, da kasafinka. Gari mai mutum 25,000 da fili mai 16,000 ba su da abin sayarwa. Wasan shekara-shekara da Boise State shi ma ya mutu. Na ƙarshe an yi shi a 2010, kuma shi ne karo na 12 a jere da Boise State ta ci, ta rama bashin nan cif. Kakar 2012 ta ƙare da nasara 1, faɗuwa 11, an sallami kocin tun ba ta ƙare ba.

2013 zuwa 2015: zaman kai, sannan zaman haya

An gwada abu biyu.

Na farko zaman kai, a 2013. Kulob marar gamayya shi zai nemo wa kansa wasa 12, ba shi da kason talabijin, ba shi da alƙawarin bol. A watan Satumba abokan karawa ba sa wuya, amma daga Oktoba kowa ya shiga wasannin gamayyarsa. Abin da ke rufa asiri shi ne wasan kuɗi: babbar jami'a ta kira ka gidanta, ta biya ka, ta lallasa ka a gaban magoya bayanta. A Nuwamban 2013 Florida State, wadda ta zama zakarar ƙasa a kakar, ta yi mata 80 da 14. Sakamakon kakar, 1 da 11.

Na biyu komawa Sun Belt daga 2014, a ƙwallo kaɗai, tare da New Mexico State, a kan yarjejeniyar shekara huɗu. Sauran wasannin jami'ar kuwa, su kwando da guje-guje, suka koma Big Sky a wannan shekarar. Abokan gamayyarta yanzu suna Georgia, Alabama, Louisiana, Arkansas da North Carolina. Zuwa garin Georgia Southern ya haura kilomita 3,000, kwatankwacin Kano zuwa Jidda. Babu ɗalibin da zai bi kulob ɗinsa a mota, babu baƙon da zai zo da magoya baya. Ɗan garin bai taɓa zama aji ɗaya ko wurin aiki ɗaya da wanda ya yi karatu a Troy, ɗaya daga jami'o'in Sun Belt, ba, balle su yi musu ranar Litinin.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. NCAA ta haramta wa kulob ɗin zuwa bol a 2014 saboda sakamakon karatun 'yan wasansa ya gaza ƙa'ida. Wasan buɗe kakar kuma, ranar 30 ga Agusta a gidan Jami'ar Florida, ya zama abin ba da labari. Hadari ya haɗu, walƙiya ta hana a fara, 'yan wasa suna ɗakin sauya kaya sa'o'i. Da aka samu sarari aka fito, aka buga ƙwallon farko, ɗan Florida ya cafe ya ruga, sai walƙiya ta dawo. Aka kwashe kowa, ba a sake fitowa ba. Wasan da aka tsallaka ƙasa guda dominsa bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. An dai biya jami'ar dala 975,000 da aka yi alƙawari. In za a faɗi gaskiya, cikin duk tafiye-tafiyen kuɗin da ta yi a shekarun nan, wannan ce ta fi riba, don babu wanda ya dawo da rauni. Kakar ta ƙare 1 da 10. A 2015 an ɗan farfaɗo, 4 da 8.

2016: wa'adin tashi, da yanke shawara

Sun Belt ba don ƙauna ta ɗauki 'yan hayan nan biyu ba. Tana neman cika adadi, domin dokar lokacin ta ce sai gamayya na da kulob 12 za ta shirya wasan fitar da zakara, wasan da ake sayar wa talabijin daban. A Janairun 2016 NCAA ta cire wannan sharaɗi. Ga kuma Coastal Carolina da ke tahowa daga ƙaramin aji, a cikin yankin gamayyar. Da kulob 10 na gida buƙata ta biya, tafiya ta ragu, masu raba kuɗi ma sun ragu. Ranar 1 ga Maris aka sanar ba za a sabunta wa jami'ar da New Mexico State ba bayan kakar 2017.

Gaba kura, baya sayaki. Ko ta koma zaman kai a babban aji, wanda ta ɗanɗana a 2013, ko ta amsa gayyatar Big Sky, inda sauran wasanninta suke, ta sauka ƙaramin aji. Babu wata jami'a da ta taɓa sauka da kanta daga FBS. Masu son a tsaya suna cewa girgiza ba ta ƙare ba, wanda ya jure wata ƙofa za ta buɗe, wanda ya sauka kuwa ya sauka ke nan. Masu son a sauka suna nuni da fili, da kasafi, da kuma hukumar ilimi ta jihar da ta ƙayyade abin da jami'a za ta iya ɗiba daga asusunta ta zuba a wasanni. Ranar 28 ga Afrilun 2016 shugaban jami'ar ya sanar: daga 2018 kulob ɗin zai buga a Big Sky. New Mexico State ta ɗauki ɗaya hanyar.

Sai kakar 2016 ta zo kamar da gayya. Kulob ɗin da aka ce ba zai iya ba ya ci wasa 8, ya sami gurbin bol. Ranar 22 ga Disamba, a filin Boise mai shuɗiyar shimfiɗa, cikin sanyin da ya sa ƙasa santsi, a wasan da manoman dankalin jihar ke ɗaukar nauyi, ya doke Colorado State 61 da 50. Colorado State kuwa a lokacin 'yar Mountain West ce, gamayyar da ta ƙi buɗe ƙofa. Ana tashi, mai jefa ƙwallon kulob ɗin ya tsaya gaban makirfo ya ce babban aji ne wurinsu, ya kuma yi wa shugaban jami'ar shaguɓe cewa ba ya jin abin da mutane ke faɗa. Daga baya ya ba da haƙuri, amma ya riga ya faɗi abin da ke bakin tsofaffin ɗalibai da yawa. Shawara dai ba ta canza ba. Kakar bankwana, 2017, ta ƙare 4 da 8.

Jimlar zaman babban aji: kaka 22, biyar ne kawai nasara ta fi faɗuwa yawa, bol uku, duka ta ci, duka a Boise.

2018 zuwa 2021: saukar da ba ta zo da sauƙi ba

Zaton mutane shi ne wanda ya sauko daga sama zai yi ta cin na ƙasa. Ba haka aka gani ba. A 2018, 4 da 7. A 2019, 5 da 7. A gajeriyar kakar da annobar korona ta tura zuwa farkon 2021, 2 da 4. A kakar 2021 ta ainihi, 4 da 7. Big Sky ba wurin hutu ba ne, ga Montana, ga Montana State, ga Eastern Washington, waɗanda suka shekara da shekaru suna gina kulob daidai da ajin, sun san inda ake samo 'yan wasan da manya suka tsallake.

Aljihu ma bai huta ba. Rage gurabe daga 85 zuwa 63 ya rage kashewa, tafiya a mota ta maye gurbin wasu jirage, amma shiga ma ta ragu. Kason gamayya ya tafi. Farashin wasan kuɗi ya faɗi, kuma da dalili: kulob ɗin babban aji yana buƙatar nasara 6 kafin ya je bol, nasara ɗaya tak kan 'yan ƙaramin aji ake ƙirga masa, don haka ba ya biyan su kamar yadda yake biyan ɗan ajinsa. Wasu masu ba da gudummawa kuma sun yi fushi sun rufe aljihu. A 2018 sashen wasannin jami'ar yana fama da giɓin kusan dala miliyan ɗaya, har aka yi maganar soke wasu wasanni, kodayake ba a soke ba. Wasannin dukan da aka ƙulla tun ana sama ba su fasa zuwa ba: a 2019 Penn State ta yi mata 79 da 7.

Koci ɗaya ne ya riƙe kulob ɗin tun 2013 har ƙarshen 2021. Ya tafi da nasara 34, faɗuwa 66.

2022 zuwa 2024: abin da ya yi aiki

A Disambar 2021 aka ɗauko sabon koci daga South Dakota State, ɗaya daga gidajen da suka fi iya ƙaramin aji. Can yake tsara wa 'yan gaba dabaru. Ajin da aka kawo shi ya sani ciki da bai, bai kuma zo yana juyayin wanda aka baro ba.

Wasansa na farko a gidan Washington State aka yi, aka ci shi 24 da 17, da ƙyar. A Oktoban 2022 ya je Missoula ya doke Montana 30 da 23, ya ɗauko ɗan ƙaramin kofin da jami'o'in biyu ke takara a kai, wanda rabon jami'ar da shi tun 1999. Kakar ta kai su sili-ɗaya-ƙwale, karo na farko tun 1995, aka fitar da su a zagayen farko 45 da 42. Matashin da ke jefa musu ƙwallo ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na ajin.

A 2023 suka je gidan Nevada, ɗaya daga waɗanda suka fice daga WAC suka bar su, suka yi mata 33 da 6. Da Montana ta kawo ziyara, rufaffen filin nan ya cika maƙil, ana nunawa a talabijin duk ƙasar. An ci su 23 da 21, amma garin ya ga abin da ya daɗe bai gani ba. Bayan mako biyu suka doke Montana State 24 da 21. Filin da ya yi wa babban aji kaɗan, a nan ya zama makami. Sun kai kwata fainal, Albany ta fitar da su 30 da 22, kaka 9 da 4. A 2024 suka tsaya wa Oregon, wadda ta ɗauki kofin Big Ten a shekarar, aka tashi 24 da 14. Suka doke Wyoming ta Mountain West 17 da 13. Suka sake kaiwa kwata fainal, Montana State ta tsayar da su. Kaka 10 da 4.

Sai dai ƙaramin ajin da suka tarar ba shi ne na 1995 ba. Tun 2021 ɗan wasa na iya sauya jami'a ba tare da zaman jiran shekara ba, yana kuma iya karɓar kuɗi da sunansa. Bayan kakar 2023 mai jefa ƙwallon nan ya koma Oregon State. Bayan ta 2024 kocin kansa ya karɓi aikin New Mexico, a Mountain West, 'yan wasa da dama suka bi shi ko suka nufi wasu wuraren.

Hukunci

Abu na farko da lamarin ya nuna: cikin manyan sauye-sauye huɗu da suka sami kulob ɗin, wato mutuwar ƙwallo a Big West, watsewar WAC, sallamar Sun Belt da sauka, na ƙarshen ne kaɗai aka yanke a harabar jami'ar. Sauran a ɗakunan taron wasu aka yanke, kan kuɗin da ba za ta ga ko sisi ba. Nebraska ta motsa a 2010, bayan shekara takwas wani kulob da bai taɓa zama gamayya ɗaya da ita ba ya rasa gurabe 22.

Aron fili, zaman kai da zaman haya duk sun gaza ne don dalili ɗaya. Sun sayi lokaci, ba su taɓa abin da gamayyoyi ke dubawa ba. Ba a faɗaɗa filin ba, garin bai ƙaru ba. Boise State da aka bi a 1996 tana babban birnin jiha, ta yi ta ƙara kujeru. An kwaikwayi hawanta ba tare da abin da ta taka ba.

Ita ma saukar ba ita ta kawo nasara ba. Kaka huɗu na farko sun isa shaida. Abin da ta dawo da shi maƙwabta ne, da kofin da za a iya hange. Sai da aka haɗa wannan da kocin da ya san ajin sannan abin ya kama. A ganina babban kuskuren bayan 2016 shi ne an sauya aji amma an bar komai yadda yake har shekara huɗu, ga magoya baya a rabe.

Masu cewa da an jure fa? Suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. New Mexico State ta sha wuya a zaman kai: 3 da 9 a 2018, 2 da 10 a 2019, har tana buga wa Liberty sau biyu a kaka ɗaya don cika jadawali. Amma a 2021 Texas da Oklahoma suka sanar za su koma gamayyar SEC, girgizar ta sake gangarowa, gamayyar Conference USA ta rasa mafi yawan 'ya'yanta, ta miƙa wa New Mexico State hannu. Ta shiga a 2023, ta ci wasa 10, har da doke Auburn 31 da 10 a gidanta. Ƙofa ta buɗe kamar yadda aka ce. Abin da ake mantawa shi ne inda ƙofar take. New Mexico State na da jami'ar UTEP, 'yar Conference USA a lokacin, a gefenta, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, kuma tana bakin yankin gamayyar. Jami'ar tamu tana can ƙuryar arewa. Ko a 2024, da Pac-12 ta tarwatse ta bar Washington State da Oregon State su biyu, ta juyo ta kwashi Boise State da wasu huɗu daga Mountain West, ita kuma Mountain West ta shiga neman cike gurbi, har Northern Illinois ta kai, ba ta ɗauki jami'ar ba. Ban ga dalilin da zai sa a ce da tana sama da an ɗauke ta ba, tunda fili da gari suna nan yadda suke.

Wannan girgiza ta biyu ta kuma rage wa ƙaramin ajin kansa nauyi. James Madison ta haura a 2022, Sam Houston da Jacksonville State a 2023, Kennesaw State a 2024, Delaware da Missouri State suka karɓi gayyatar 2025. Biyu na farko da Delaware duk sun taɓa ɗaukar kofin ajin. Kaɗan daga sararin da jami'ar ta samu a sili-ɗaya-ƙwale daga nan ya fito, kuma magoya bayanta ba sa son a faɗi haka.

Har yanzu akwai tsofaffin ɗaliban da ke maganar komawa sama. A Oktoban 2023 NCAA ta cire sharaɗin yawan 'yan kallo, wanda ya sa jami'ar aron fili a 1999. A zama ɗaya kuma ta ɗaga kuɗin neman haurawa daga ƙaramin aji zuwa babba, daga dala 5,000 zuwa dala miliyan 5.